Shafin duba sakamako ya durƙushe ranar Juma'a, wa ya taɓa ganin haka?

Mai tambaya, daga Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata makarantar kuɗi a nan Kaduna da na gina wa shafin duba sakamako da Flask (kayan gina shafin intanet) da PostgreSQL (rumbun adana bayanai). Duk tsawon zango lafiya lau. Ranar Juma'ar da aka saki sakamako, ana saukowa daga masallaci iyaye suka yi caa a kansa, ya tsaya cak. Da na duba sai ga "too many clients already" jere reras, wato masu neman shiga rumbun bayanan sun yi yawa. Na kashe saba, wato kwamfutar da shafin ke kai, na kunna, ko minti goma ba a yi ba ya sake ƙamewa, ga shugaban makaranta yana ta kira. Ina tunanin kama saba mai girma, amma kun san da dala ake biya. Ku ba ni labarin naku kafin in yi asara.

Wani daga Barnawa:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka sayi komai tukuna, ɗauko biro. PostgreSQL in ba ka taɓa saitinsa ba, haɗi 100 (wato layin da manhaja ke buɗewa zuwa rumbun) yake karɓa a lokaci guda. SQLAlchemy kuma, mai haɗa manhaja da rumbun bayanai, yana ajiye 5 a buɗe, in an matsa ya ƙaro 10, 15 ke nan. Abin da ya ci ni shi ne ban san kowane ma'aikacin Gunicorn, wato kowane kwafin manhajar da Gunicorn ke kunnawa don amsa masu shigowa, da nasa 15 ɗin ba. Na sa ma'aikata 8 ina ganin na burge, ashe 120 nake nema a ƙofar da ke ɗaukar 100. Ranar da babu mutane ba za ka taɓa sani ba.

Wata daga Kawo:
Ni lissafina daidai yake amma duk da haka na sha wuya. Manhajar wani kantin magani ce. In an yi ciniki sai in buɗe seshon, wato zaman aiki da rumbun bayanai, in rage kayan da aka saya, in tura wa mai kanti saƙon tes, sannan in adana. To kamfanin da ke tura saƙon wani lokaci sai ya ɗauki daƙiƙa 20 bai amsa ba, ni kuma ina riƙe da haɗin, ina riƙe da makullin layin maganin da na taɓa. Yarinyar da ke kan na'ura ta biyu in ta zo sayar da farasitamol ɗin nan sai ta ga abu na ta juyawa, ga layi har bakin ƙofa. Sati biyu muna zagin netwok, Allah Ya yafe mana. Sai da na leƙa pg_stat_activity, inda PostgreSQL ke nuna abin da kowane haɗi ke yi, na ga haɗi birjik an rubuta musu "idle in transaction", wato sun buɗe aiki sun zauna ba su yi ba, ba su bari wani ya yi ba. Yanzu sai na adana na rufe kafin in tura saƙo. Na kuma saita idle_in_transaction_session_timeout, duk wanda ya yi zaman dirshan a yanke shi.

Wani daga Tudun Wada:
Nawa akasin naku ne, rashin mutane ne ya jawo. MySQL, wani rumbun bayanan, yana yanke haɗin da ya yi awa 8 ba motsi. Ofishin da na yi wa aiki suna tashi da la'asar, don haka duk wanda ya fara shiga da safe sai ya ci karo da "MySQL server has gone away". Akawun har ya saba, ya ce sai an danna sau biyu manhajar take farkawa. Na kunna pool_pre_ping, saitin SQLAlchemy da ke gwada haɗi kafin a yi amfani da shi, shi ke nan.

Wani daga Sabon Tasha:
Oga ka mayar da 100 ɗin 500 kawai ka huta.

Na Barnawa:
A'a ɗan'uwa, na gwada. A PostgreSQL kowane haɗi aiki ne mai zaman kansa a cikin saba, da nasa rabon ƙwaƙwalwa. A ƙaramar saba 500 za su cinye ta, maimakon wasu su ga kuskure sai kowa ya tsaya. In dai mutane ne suka yi yawa da gaske, a sa PgBouncer a gaba, ya riƙa ba da aron haɗi kaɗan yana karɓewa da an gama. Amma ko shi ba zai ceci wanda ya bar aiki a buɗe irin na Hajiya ta Kawo ba.

Mai tambaya:
Hajiya ta Kawo, Allah Ya saka da alheri, ciwona ne kika faɗa. Jiya bayan isha'i na zauna na bi kod ɗin. Ashe in uba ya danna sauke sakamako, ina ɗauko makin yaro, sannan in tsaya haɗa takardar PDF da hoto da tambarin makaranta, duk seshon a buɗe. Abin kunyar ma, darussa 12 da yaro ke yi kowanne tambayarsa daban nake aika wa rumbun bayanan, maimakon in kwaso su a tafi ɗaya. Na haɗe su, na rufe seshon kafin a fara takardar, na rage ma'aikata zuwa 4. Saba tana nan yadda take. Sakamakon 'yan firamare zai fita Laraba, zan zauna da pg_stat_activity a buɗe in ga abin da zai faru.