Tambaya kan C60: in ba iska, ina zafinsa yake zuwa?

Ɗan Maƙera, Jega:
Salamu alaikum. Ina aji uku, sashen kimiyyar sinadarai a Aliero. Jiya aka yi mana bayanin C60, ƙwayoyin zarra na kabon guda 60 da suka haɗu kamar ƙwallon ƙafa, wanda Kroto da Curl da Smalley suka gano a 1985. Malam ya ce in aka haske shi da leza cikin bututun da aka zuƙe wa iska, zafinsa kan haura digiri 3,000, daga baya ya huce. Nan kaina ya ɗaure. A maƙerar Baba na tashi, ni ke yi masa zuga. Ƙarfe in ya yi ja, ko a tsoma shi a ruwa ya yi cuu, ko a yar da shi gefe iska ta sha shi. To wanda ba ruwa ba iska fa, wa yake miƙa wa zafin?

Malamin Gusau:
Wa alaikumus salam, ɗana. Rabin amsar tana maƙerar babanka. Jan nan da ƙarfe yake yi haske ne, zafi kuma yana fita ta cikinsa. Haske ba ruwansa da iska, ai da zafin rana bai iso mu ba. C60 ma haka yake hucewa. Amma lokacin da yake tsananin zafi ba ya jiran wannan: ko ya tofar da ilektiron ɗaya (ɗan ƙaramin ɓangaren zarra mai cajin lantarki), ko ya yar da kabon biyu a manne, kowace yarwar kabon biyun kuma tana cin makamashi kusan eV 10 (eV ma'aunin makamashi ne a matakin zarra). Daga 60 ya koma 58, 56, har wajen 32 inda kejin, wato ƙwallon nan, yake wargajewa. Kuma ba nan take yake yi ba, domin zafin ya watsu cikin hanyoyi 174 da ƙwayoyinsa suke karkarwa, sai an yi katari ya taru wuri guda.

Ɗan Maƙera, Jega:
Allah ya saka da alheri, Malam. Amma don me biyu-biyu?

Malamin Gusau:
Kowace ƙwaya maƙwabta uku take riƙe. Ɗauki biro ka lissafa: in adadin wutiri ne, sai hannu ɗaya ya rasa abokin kamawa, kejin ba ya rufuwa.

'Yar Argungu:
Ɗan Maƙera, akwai ma mai keji cikin keji, albasar kabon ake ce masa. Ka kai wa manoman Aliero labari, ita wannan ba ta ruɓewa a rumbu.