Shawarwari ga masu aikin sa kai kan rajistar zaɓe

A tattaunawar masu aikin sa kai, shawarar da ta fi rinjaye ita ce mata su riƙa shiga gida-gida da makarantun Islamiyya suna wayar da kan 'yan uwansu, tunda namiji baƙo iyakarsa zaure. Wanda ya sauya gari kuwa, a raka shi ofishin hukumar zaɓe ta Najeriya, INEC, a sauya masa rumfar zaɓe zuwa sabon garin, domin rajista sau biyu laifi ne. Abin da ya fi damuna shi ne na bayan karɓar kati: a 2023 sama da mutum miliyan 93 ke cikin rajista, amma kusan miliyan 25 kawai suka zaɓi shugaban ƙasa, don haka aka nemi a koma gidajen idan zaɓe ya ƙarato, ba tare da hular jam'iyya ba.