Exchange 2016 ya tsufa: mu koma Microsoft 365 ko mu ɗora Zimbra?

Ɗan Zariya 2: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina kula da ordinatocin wani kamfanin fitar da aya da riɗi nan Maraɗi. Akwatin imel 46 gare mu bisa Exchange 2016, manhajar sarwar imel ta Microsoft, sarwar tana cikin biro. Microsoft ta daina fidda mashi gyara tun 14 ga Oktoba 2025. Patron ya ce in kawo mashi lissafi ranar Litinin: ko Exchange Online (imel ɗin Microsoft 365 da ke bisa sarwoyin Microsoft, ana biya wata-wata), ko Zimbra (wata manhajar sarwar imel) bisa Linux. Kuma akwai akwatuna 11 na waɗanda suka bar aiki, ina son in cire su da PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, kafin ƙaura. Wa ya taɓa yi?

Bagobiri: Ku buɗe Gmail kowa ya huta.

Ɗan Zariya 2: Malam, adireshin kamfani ne, shi masu sayen kayanmu na waje suka sani.

Tsohon Informatisiyen: Ƙanena, akwatunan nan 11 su suka tsaya mani a rai. Inda na yi aiki da, an ɗauko wani gwani daga Yamai, aka biya mashi otal da kuɗin mota. Ya zo da jerin sunaye cikin fayil ɗin CSV, ya tura su ga umarnin Remove-Mailbox. Bai san wannan umarni har asusun mutum na Active Directory, wanda yake shiga ordinata da shi, yake shafewa ba, Disable-Mailbox ne ke cire akwati ya bar asusu. Cikin jerin har da kwantabul, don sunanshi ɗaya da wani direba da ya tafi. Da safe mutum ya kasa shiga ordinatarshi, ga albashi ya kusa. Gwani ya kashe waya. Ni na kwana ina maido akwati da Connect-Mailbox, Allah ya sa Exchange na aje wanda aka cire har kwana 30. Ƙarshen wata wa aka yanke ma albashi? Ni. Shi an biya shi cif. Har yau in na ga motar kamfanin nan gabana faɗuwa yake.

Hajiya Rezo: Allah shi saka maka, Baba. Kai mai tambaya, kowane umarni ka liƙa mashi -WhatIf tukuna, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komi ba. Kuma ka fidda kwafin kowane akwati zuwa PST, fayil ɗin ajiyar wasiƙu, da New-MailboxExportRequest. Sai an ba ka izinin Mailbox Import Export cikin Exchange, in ba haka ba umarnin ma ba za ka gan shi ba.

Bagobiri: Da aure na da -WhatIf da ban yi ta biyu ba 😂

Na Tasawa: Mu Exchange Online gare mu, jaka 3 muke biya kowane mutum a wata.

Hajiya Rezo: Jaka 3? Mu dillalinmu jaka 5 yake amsa.

Na Tasawa: To an cuce ku, Hajiya.

Hajiya Rezo: Namu da Teams na taro da OneDrive na aje fayiloli, kai akwati kaɗai ka saya. Ka duba takardarka.

Yaro Linux: Zimbra kyauta ce. Manhajar imapsync ta kwashe wasiƙu zuwa sabuwar sarwa, umarnin zmprov na Zimbra ya ƙirƙiri asusu, shike nan.

Tsohon Informatisiyen: Kyauta? Kalanda da lambobin mutane imapsync ke kwashe su? Yaro, sarwa nawa ka taɓa riƙewa cikin zafin Afrilu?

Yaro Linux: Da girmanka Baba, amma a 2021 da aka fasa sarwoyin Exchange ta ɓarakar tsaron da ake ce ma ProxyLogon, ba na Linux aka shiga ba.

Hajiya Rezo: Zimbra ma an sha fasa ta. Wanda bai sa gyara ba ko mi ya ɗora sai an shigo mashi.

Na Tasawa: Duk ku bar wannan. Wa zai ba sarwa kuran? Tun da Najeriya ta yanke wuta a Agusta 2023 na gane sarwar biro wahala ce. Gurub ya sha gazuwal, batirin ondilar ya kumbura, patron ya ce sanyaya ɗakin na'ura almubazzaranci ne.

Bagobiri: Namu patron, kilim ɗin ɗakin sarwa ya cire ya kai ofishinshi. Ni kuma ni ne mai gyaran firinta, da talabijin ɗin gidanshi, da WhatsApp ɗin uwargida.

Ɗan Zariya 2: To ni dai mi zan ce ma patron ranar Litinin?

Bagobiri: Ka fara tambayar shi kuɗin batir, ka ga fuskarshi.