Wai ƙarar janareto ma kiɗa ne?

Mai Naɗar Sauti: Salam jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Wata huɗu ina haɗa wani aiki, na naɗi janareton maƙwabcinmu tun daga jan igiya har inda mai ya fara ƙarewa yana shaƙewa yana dawowa kamar mai tari, na naɗi injin markaɗen bakin layinmu da sassafe, da ƙarar mai walda, na ɗora su kan juna a kwamfuta na ja su har minti 22. Na kai wani situdiyo a daidaita min sautin, mai wurin ko minti ɗaya bai saurara ba ya cire abin kunne ya ce fayil ɗin ya lalace in sake turowa. Da na ce ai haka na yi shi da gangan sai ya kira yaransa suka zo suna ta dariya. A gida kuma Yayana ya zare waya daga lasifika ya ce kar in sake kunna wannan abin Umma na gida. To ni ina nan a kan bakana, wannan kiɗa ne, kuma masu yin irinsa a ɗakunansu ba kamfani ba ubangida sun fi riƙe gaskiyar sana'a a kan masu ɗauko bit ɗaya su yi waƙa goma da shi. Ba ni na ƙirƙiro ba, a Japan akwai Masami Akita da ake kira Merzbow, tun 1979 yake wannan harka, a 2000 aka fitar masa da akwati guda mai faifai 50.

Baffan Yara: Ɗana, kiɗa fa ka ce. Kiɗa daga kaɗawa yake. Me ka kaɗa? Kalangu ko kotso? Janareton ma ba naka ba ne, na maƙwabci ne, shi ya sayi man.

Mai Gyaran Rediyo: Baffa da girmanka amma a nan ban yarda ba. Goge kaɗa shi ake yi? Ai goga shi ake, sunansa ma ya faɗa, amma duk ƙasar Hausa kiɗan goge ake cewa, mai yi kuma makaɗi. Kukuma ma haka. Kenan kalmar ta daɗe da wuce duka da hannu ko da sanda.

Baffan Yara: Goge ana taka rawa da shi. Tashi ka taka rawar injin markaɗe mu gani.

Antin Tudun Wada: Ni kam ko kiɗa ne ko ba kiɗa ba, waƙa dai babu. Ba baiti ba amshi ba wanda aka yaba ba wanda aka yi wa zambo, to me zan riƙe in tafi da shi gida?

Mai Naɗar Sauti: Anti ban ce waƙa ba, a duba rubutuna. Kuma maganata a kan masu yin abu da kansu ce da yadda ake wulaƙanta su, ba a kan kalma ba.

Ɗalibin Samaru: Ku dakata, abu biyu kuke cakuɗawa. Akwai na ƙara zalla irin na Merzbow, akwai kuma wanda Turawa ke ce wa duron, wato sauti ɗaya da ake riƙewa ya yi ta tafiya ba ya yankewa, canjin da ke ciki ɗan kaɗan ne sai ka natsu za ka ji. La Monte Young na Amurka da shi aka san shi, kuma shi ma a 1970 ya zama almajirin wani mawaƙin Indiya Pandit Pran Nath, don su can suna da tambura mai riƙe sauti a ƙarƙashin waƙa tun kaka da kakanni. Mu ma muna da shi. Ku tsaya kusa da mai algaita ranar hawan sallah ku kalli kumatunsa, sun kumbura tim, yana jan iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, sautin ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido. Wannan riƙewar ita ce dai abin da ake magana.

Jikan Dogari: A'a malam, tsaya nan. Algaitar fada za ka haɗa da janareto? Abin da ake busa wa sarki? Wlh ka janye wannan maganar. Kuma algaita busa ce ba kiɗa ba, ko wannan ba a koya muku a jami'ar ba?

Ɗalibin Samaru: Ban haɗa daraja ba Yaya, yanayin sauti na ce. Kuma in busa ce ba kiɗa ba ai ka taimaki Baffa ne ka rusa kanka, don kenan mabusan fada ba sa cikin makaɗan fada.

Jikan Dogari: Kar ka juya min magana. Mu a gidanmu muka tashi muka ga abin nan, ba a intanet muka karanto ba.

Na Damagaram: Ku 'yan Najeriya kullum sai ku tsallake maƙwabci ku tafi Japan da Amurka. Mamman Sani na nan Nijar, tun 1978 ya naɗi kaset da ogan ɗin lantarki shi kaɗai, rediyo da talabijin na ƙasa suka yi shekaru suna sa sautinsa tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 kamfanin faifai Sahel Sounds na Amurka suka sake fitar da shi duniya ta sani. Ba wanda ya ambace shi a nan.

Mai Gyaran Rediyo: Ɗan'uwa na Mamman Sani ai mai daɗi ne, yana da karin da za ka bi da baki. Ba shi ake faɗa a kai ba.

Na Damagaram: To ashe kai ma ka yarda na yaron nan ba daɗi.

Mai Gyaran Rediyo: Ban ce ba. Ni shekarata 19 ina gyaran rediyo, in ina neman tasha a gajeren zango da dare akwai wani shuuu da ke tashi yana sauka tsakanin tasha da tasha, wani lokacin wlh sai in bar shi haka in yi ta aiki, yana kwantar min da hankali. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Daɗi kala-kala ne.

Ɗalibin Samaru: Kuma masu cewa abin Turawa ne, eh wani ɗan Italiya Luigi Russolo ya rubuta tun 1913 cewa ƙarar injina ta cancanci shiga kiɗa har ya ƙera akwatunan yin ƙara. Amma Halim El-Dabh ɗan Masar ne, a 1944 a Alƙahira ya naɗi taron zar da na'ura ya sarrafa muryoyin ya fitar da wani sauti daban, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya yi nasa a Faransa a 1948. Yanzu ma akwai Emeka Ogboh da ke aiki da hayaniyar Legas da ihun kwandastocin danfo, akwai KMRU ɗan Kenya, akwai Nyege Nyege a Kampala masu fitar da irin waɗannan.

Antin Tudun Wada: Zar ɗin nan ba shi ne borin su na can ba? Auzubillahi. To ga asalin abin ya fito da bakinku.

Ɗalibin Samaru: Anti naɗa ya yi, ba hawa ya yi ba.

Antin Tudun Wada: Ƙanena ni dai na faɗa. Abin da zai sa mutum ya zauna minti 22 yana jin ruri ɗaya idonsa a rufe, a bincika.

Jikan Dogari: Har yanzu ina jiran a janye maganar algaita.

Sistar Dare: Ni ba ruwana da sunan da za ku ba shi, kunne nake ji wa. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti in mutum ya yi awa 8 a cikinta kullum tana cin ji a hankali, in ta ƙaru lokacin raguwa yake sosai, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Ƙanena in kana aikin nan da abin kunne ka rage murya dan Allah, in ka fara jin wiii bayan ka cire to gargaɗi ne.

Baffan Yara: Kun ji ko. Kiɗan da sai da gargaɗin asibiti.

Mai Gyaran Rediyo: Baffa lasifikan gidan biki fa? Wanda ake jingina wa mutane a ƙeya har ƙarfe 12 na dare? Nawa aka kawo min sun ƙone saboda an ƙure su. Wannan ba wanda ya ce ba kiɗa ba ne.

Na Damagaram: Bikin Kano dai. Mu namu da sauƙi.

Jikan Dogari: Kano ta yi maka me kuma? Duk abin da ake sai ka sako Kano.

Admin: Toh ya isa haka, za a rufe. Abin da na fahimta, akasarin jama'a sun tafi a kan cewa wannan ba kiɗa ba ne ƙara ce, kamar yadda Baffa ya yi bayani tun farko da hujja daga harshenmu, kuma ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar yana da illa. An kuma nuna yana da alaƙa da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Masu kawo sunayen Turawa da Japanawa mun gode amma ba su amsa tambayar rawa ba. Wanda ya taɓa algaita ya nemi afuwa a wuce wurin.

Sistar Dare: Admin ban ce nasa kaɗai ke da illa ba fa, kowace ƙara na ce.

Mai Gyaran Rediyo: Wane akasari? Ka ƙirga mana. Kuma maganar goge ina ka kai ta?

Mai Naɗar Sauti: Tun ƙarfe 4 na sa aikin a nan, na duba yanzu mutum biyu ne suka buɗe, ɗaya ma ni ne. Duk wannan faɗan a kan abin da ba ku ji ba. Ni dai wajen minti na 14 inda janareton ke shaƙewa injin markaɗe ya shigo ta ƙarƙashinsa, duk lokacin da na ji sai tsigar jikina ta tashi, ina so ko mutum ɗaya ya kai wurin ya faɗa min abin da ya ji. Malam mai rediyo in kana da lasifika mai ɗaukar ƙasa sosai zan kawo maka shago gobe bayan la'asar.

Mai Gyaran Rediyo: Kawo, akwai wata babba da mai ita bai zo karɓa ba tukuna. Ka taho da wayar haɗawa, tawa ta tsinke.