Traka a moto, tana nuna wuri daidai cikin kasuwa kuwa?

Alhajin Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan ba yara moto, wato babur, guda uku su yi haya, ina son in sa musu traka, na'urar nan mai nuna inda moto take a waya, amma an ce cikin babbar kasuwa ƙarya take yi. Wanda ya taɓa sawa ya faɗa min kafin in zuba kuɗina.

Direban Gaundare: Sa kawai Alhaji, 15.000 na saya.

Mai gyaran waya: 15.000 ina? Ta kirki ba ta kasa 35.000, ban da layi. Alhaji sai na'urar ta ga tauraron ɗan Adam 4 aƙalla kafin ta san inda take, su kuwa suna sama da nisan kilomita 20.000. A fili kuskuren bai wuce mita 5 ba, amma ƙarƙashin rumfunan kwano siginar na dukan kwano da bango ta dawo, sai ka ga moto ta tsallake layi biyu alhali tana ajiye. Nemi mai haɗa GPS da Galileo ko GLONASS, su ma taurarin nuna wuri ne irin GPS.

Ɗan Kusiri: Ni kar a gaya min. An sace tawa bayan isha'i, waya ta nuna wani gida, na kwashi ƙannena muka je muna buga ƙofa, wani dattijo ya fito da carbi a hannu, wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko keke babu a gidan. Ashe ɓarayin cikin shago suka kulle ta, da trakar ta rasa tauraro sai take nuna wajen eriyar waya. Da asuba moton ta haye gadar Ngeli ta shiga Njamena a ƙasar Chadi, layin ya mutu, shi ke nan. Har yau bashinta nake biya.

Direban Gaundare: Allah ya mayar da alheri. Amma ai laifin layi ne.

Ɗan Kusiri: Kai da babbar mota kake bin daji, me ka sani game da lungu?

Mai gyaran waya: Ku dai ku saurari wanda yake ɗaura ta kullum.

Ɗan Kusiri: Mai sayarwa zai kushe kayansa ne?

Autan Marwa: Kawu ka dai ɓoye wa Hajiya lambar sirrin, in ba haka ba kai za a riƙa bi 😂

Alhajin Garwa: To wacce zan saya ke nan?

Autan Marwa: Kawu bar traka tukuna, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, man nan na Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ta yi tsada, yaran nan nawa za su kawo maka da yamma? Jiya ma mai kwalba ya gauraya min da kananzir.

Direban Gaundare: A wace unguwa? Mu ma haka suke mana nan.