Mai doki ya ce shekararsa shida, amma haƙoran sun ba ni shakka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani ingarma da nake son saya, mai shi ya ce shekararsa shida. Jiki lafiya lau, amma da na ɗaga leɓensa sai na ga haƙoran gaba dogaye, sun karkato waje. A kan kowane haƙorin ƙasa kuma akwai baƙin rami, an ce mini alamar ƙuruciya ce. Don Allah masana, me zan duba?

Mai Barga: Wa alaikumus salam. Malam, fara da sanin cewa haƙoran gaba 12 ne, shida sama shida ƙasa: biyu na tsakiya, biyun da ke bi musu, sai biyu na gefe. Daga haihuwa zuwa shekara 5 lissafin ba ya cika kuskure, domin famfara ake bi. Haƙoran nono na tsakiya kan fito cikin makon farko, masu bi musu wajen mako 6 zuwa 8, na gefe tsakanin wata 6 da 9. Na girma kuwa, na tsakiya a shekara 2 da rabi, masu bi musu 3 da rabi, na gefe 4 da rabi. Kowanne sai ya yi kamar wata shida kafin ya haɗu da na sama ya soma gogewa. A shekara 5 baki ya cika. Fiƙa kan fito wa namiji tsakanin shekara 4 da 5, goɗiya galibi ba ta da ita.

Inda sababbin shiga ke faɗawa shi ne ɗan shekara 2 da ɗan shekara 5, don dukansu bakinsu cike yake. Haƙorin nono ƙarami ne, fari fes, ya tsuke daidai dasashi. Na girma babba ne, ya ɗan yi rawaya, kuma bai tsuke ba.

Dattijo: Abin da ka kwatanta bai yi kama da ɗan shekara shida ba, ɗana. Ramin nan gaskiya ne ana lissafi da shi, amma ba a haƙora duka lokaci guda ba. Haƙorin doki yana ci gaba da fitowa daga dasashi, samansa kuma yana cinyewa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, shi ya sa ramin ke shafewa a hankali. A ƙasa, na tsakiya kan shafe wajen shekara 6, masu bi musu 7, na gefe 8. Na sama sun fi zurfi, sukan kai 9, 10 da 11. To ɗan shekara shida, ramin haƙoransa na tsakiya ya kamata ya kusa ɓacewa, na gefe kuma har yanzu da zurfi. Idan duka shidan zurfinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, ga kuma haƙora dogaye, sai ka yi zargin hannu. Akwai masu haƙa rami da ƙarfe su ƙona shi ya yi baƙi don tsoho ya koma yaro. Ramin gaske yana da farin zobe mai tauri kewaye da shi, wanda kan ɗan ɗago idan ka shafa da farce. Na ƙarya ba shi da wannan zoben.

Mai tambaya: Na gode Baba. Na koma na duba, ban ga zoben ba. Saman haƙoran kuma ba mai faɗi ba ne, ya yi kamar kusurwa uku. A haƙorin sama na gefe akwai wani layi mai duhu da ya sauko daga dasashi ya tsaya a tsakiya.

Ma'aikaciyar Dabbobi: Malam, wannan layin ake kira layin Galvayne. Yakan ɓullo a bakin dasashi wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori a 15, ya kai ƙasa a 20, daga nan ya soma gushewa daga sama, zuwa 30 babu shi. Shi kaɗai ba hujja ba ne, wasu dawakan ba sa yinsa sam, wasu na dama da na hagu ma ba sa daidaita. Amma a nan ba shi kaɗai ba ne. Saman haƙori a ƙuruciya yana da faɗi daga dama zuwa hagu, ya koma kewayayye wajen shekara 9 zuwa 12, sannan kusurwa uku bayan haka, a tsufa sosai kuma ya tsuke ya yi tsawo daga gaba zuwa baya. Dubi bakin daga gefe yana rufe: na yaro, sama da ƙasa suna haɗuwa kusan a miƙe, na tsoho sun turo gaba. Mai ƙona rami ba ya iya gyara waɗannan biyun. Da abin da ka faɗa, zan sa shi tsakanin 14 da 17.

Kada kuma a rikita rami da ɗigon nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa gaban ramin, ta wajen leɓe. Shi yana bayyana ne idan haƙori ya cinye, da fari siririn layi, daga baya ya zama kewayayye ya koma tsakiya. Ba shi da zurfi. Da yawa sukan gan shi su ce rami ne, alhali alamar manyanta ce.

Mai Barga: Ƙari kaɗan. Dokin da ke kiwo a wuri mai yashi, ko mai ɗabi'ar gurgurar itace, haƙoransa kan riga shekarunsa tsufa. Wanda na samansa suka zarce na ƙasa kuwa ba sa gogewa daidai, lissafin ba ya aiki a kansa. Amma babu ɗaya cikin waɗannan da zai mayar da shida ta zama sha biyar.

Wajen dubawa, a riƙe maka ragama, ka tsaya gefen kafaɗarsa, ba gabansa ba. Sa yatsa ta gefen baki a giɓin da linzami ke zama, zai buɗe da kansa. Tunda namiji ne, kula da fiƙa, tana nan kusa da giɓin. Ka duba da rana, ka goge dattin ciyawa tukuna.

Ma'aikaciyar Dabbobi: Idan har yanzu kana sonsa, a kira likitan dabbobi ya duba turamen ciki kafin a yi ciniki. A wannan shekarun gefensu kan yi kaifi ya yanki kunci da harshe. Ba shi ciyawa ka tsaya ka kalla: idan yana zubar da dunƙulen da ya tauna, ko yana karkata kai, turamen na bukatar a goge su.