Shin da gaske kamfani ɗaya ne ke bayan yawancin tabarau masu suna?

Ummu Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma makon jiya na je wani shago domin a yanka mini sabon tabarau bayan likitan ido ya ce ganina ya canja. Bango guda cike yake da firam iri-iri, kowanne da sunansa, har na ɗauka cewa yawan sunayen zai sa in samu mai sauƙin kuɗi, amma duk wanda na ɗaga na duba takardar farashinsa sai in ga tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Wata abokiyar aikina ta ce wahalar banza na yi, domin kamfani ɗaya ne ke ƙera yawancinsu, kuma wai har shagunan ma nasa ne. Ina roƙon masu sani su fayyace mini gaskiyar wannan magana.

Malam Sabo Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar abokiyar aikinki tana da tushe. Kamfanin da take nufi shi ne Luxottica, wanda Leonardo Del Vecchio ya kafa a garin Agordo na arewacin Italiya a 1961, yana ƙera ƙananan sassan firam yana sayar wa wasu. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne bai tsaya a masana'anta ba. A 1995 ya sayi shagunan LensCrafters, a 1999 ya karɓi tambarin tabarau na Ray-Ban daga hannun kamfanin Bausch & Lomb, a 2001 ya haɗa da shagunan Sunglass Hut, a 2004 ya mallaki shagunan Pearle Vision, sannan a 2007 ya sayi kamfanin tabarau na Oakley a kan kuɗin da ya haura dala biliyan biyu. Ban da wannan, yana da yarjejeniya da manyan gidajen ado irin su Armani da Prada da Chanel da Versace, inda su ke ba da suna, shi kuma ya ƙera ya rarraba. Saboda haka firam biyu masu suna daban, ɗaya kusa da ɗaya a kan kanta, suna iya kasancewa daga hannu guda suka fito.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 2018, lokacin da ya haɗe da Essilor na Faransa, wanda shi ne kan gaba a duniya wajen yin gilashin da ake sawa cikin firam, suka zama EssilorLuxottica. Mai firam ya auri mai gilashi ke nan. A Amurka kuma kamfanin inshorar ido na EyeMed nasu ne, don haka mai yiwuwa ne mutum ya biya inshora, ya shiga shago, ya zaɓi firam da gilashi, alhali kuɗinsa bai fita daga gida ɗaya ba tun daga farko har ƙarshe.

Abu Yasir ya amsa:

Malam Sabo, bayaninka ya yi daidai, sai dai ina so a yi hattara da zuzutawa, domin ana yawan yaɗa cewa kamfanin ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na kasuwar duniya, kuma wannan adadi bai tabbata ba. Akwai Safilo da Marcolin a Italiya, akwai Kering Eyewear mai ƙera tabarau na Gucci da Cartier, wanda ya sayi kamfanin tabarau na Maui Jim a 2022, akwai Zeiss na Jamus da Hoya na Japan a ɓangaren gilashi. Idan kuma yawan tabarau za a ƙirga ba yawan kuɗi ba, to masana'antun China, musamman na Danyang da Wenzhou, su ne ke ƙosar da talakan duniya.

A ganina ƙarfin EssilorLuxottica yana wurin mallakar hanyar da kaya ke bi su isa ga mai saye. Wanda yake da dubban shaguna shi ke zaɓar abin da za a jera a gaban ido da abin da za a tura lungu, kuma ƙaramin mai ƙera firam, komai ingancin aikinsa, ba shi da ta cewa idan aka hana shi kanta. Hukumomi ma ta nan suka fi kama shi. Da ya nemi sayen shagunan GrandVision, Hukumar Tarayyar Turai ba ta amince ba a 2021 sai da sharaɗin a sayar da kimanin shaguna 350 a Beljiyam da Italiya da Holand. A shekarar ce kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci tarar Luxottica fiye da yuro miliyan 125 saboda tilasta wa masu shaguna farashin da za su sayar, sannan a 2022 ta ci tarar Essilor kimanin yuro miliyan 81 kan tauye cinikin gilashinsa ta intanet.

Baba Ɗanladi ya amsa:

'Yata, tunda a Amurka kike, akwai wani haƙƙi da ya kamata ki sani. Tun 1978 ƙa'idar Hukumar Kasuwanci ta Tarayya ta wajabta wa mai gwada ido ya miƙa miki takardar awonki da zarar an gama, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ba tare da sharaɗin sai kin sayi tabarau a wurinsa ba. Da wannan takarda za ki iya zuwa duk inda kika ga dama, har da masu sayarwa ta intanet irin su Zenni, ko Warby Parker da ya fara a 2010 da tabarau na dala 95. Ki roƙi a rubuta miki tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonki biyu, domin ba kullum ake sa ta a takardar ba, kuma idan aka kuskure ta, sabon tabarau zai riƙa sa miki ciwon kai. Idan gilashinki mai haɗa gani na nesa da na kusa ne, ni dai na fi son a auna shi a fuska, a shago.

Ummu Hanifa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na duba takardar tawa yanzu, kuma lallai babu wannan awo a cikinta. Gobe in sha Allahu zan koma a ƙara mini shi kafin in kwatanta farashi a wasu wuraren.